Baba Haruna da Kwamfutar da Ya Zaunar Cikin Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina zaune a shago, wayar wani mai benskin, wato ɗan acaɓa, a buɗe a gabana, sai tawa wayar ta yi ƙara. Inna Dije ce, matar Baba Haruna. Ba ta yi sallama ba, ita da ko kaza ta shigo mata gida sai ta gaishe ta. Cewa kawai ta yi, "Balki, babanki ya tafi." Na ce, "Ya tafi ina, Inna?" alhali zuciyata ta riga ta gane. Mai babur ɗin ya dubi fuskata, ya ce in bar wayar nan inda take, in hau ya kai ni gidan. Har muka isa ban san ta wace hanya muka bi ba.

Duk wanda ya zauna a unguwar Briqueterie ta Yaoundé ya san Baba Haruna mai rediyo. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Ya fara da gyaran rediyo, zamani ya kawo talabijin ya bi, ya kawo waya da kwamfuta ya bi, amma sunan rediyo bai sake shi ba har ya koma ga Ubangijinsa. Ni ba shi ya haife ni ba, ba mu haɗa jini ko kaɗan ba. Amma shi ne dalilin da ya sa har yau nake Yaoundé da 'ya'yana biyu, muna cin guminmu, kuma ina so a san haka tun jama'a ba su watse daga zaman makoki ba.

Aure ne ya kawo ni garin nan daga can arewa, kusa da iyaka. Maigidana direban babbar mota ne, ya rasu a hanya a shekarun da rikici ya yi zafi a yankinmu. Sana'ata lalle, ina yi wa amare zane a hannu da ƙafa. To, a lokacin wa ke biki? Kasuwa ta mutu, kowa na ta kansa, wanda ya yi aure ma shiru-shiru yake yi. Bayan na fita takaba da 'yan watanni sai yayana, Yaya Hamadu, ya iso. Ya ce mace ba miji, ba sana'ar da za ta riƙe ta, ba ta da abin zama a bariki, in haɗa kayana mu koma gida. Ba mugunta ba ce ta kawo shi, nauyina ne a kansa. Amma gida a lokacin, mutane ba sa kwana a ɗakunansu, makarantu a rufe, kuma ni ina da yara biyu da suka fara karatu a nan.

Kafin zuwan Yaya da 'yan makonni na yi wa autar Baba Haruna lalle, ɗaya daga cikin bukukuwa ƙalilan da aka yi a shekarar. Inna Dije ta ba ni labari daga baya, wai da aka kai masa amarya ya sa mata albarka, sai ya riƙe hannunta ya ɗauko gilashin da yake duba ƙananan ƙarafa da shi, ya yi ta bin zanen. Mata suna jira ya yi addu'a, shi kuwa sai ya ɗago ya ce, "Wa ya ja layin nan? Ko sau ɗaya bai yanke ba." Gida ya kwashe da dariya, amarya ta ji kunya. Shi dai da gaske yake.

Ashe yana da abin da ke cinsa. Ruwan Yaoundé kun san shi, ba ya shawara da kowa. Masu benskin kullum wayoyinsu a jiƙe, mu da ke gangare kuwa ruwa har cikin shago yake gaishe mu. Ga shi ba mai kuɗin sayen sabo. Baba ya yi imani cewa in aka shafe cikin na'ura da verni mai kyau, man ƙyallin nan da ake shafa wa katako, aka toshe kowace kafa da silikon irin na masu haɗa gilashi, ruwa ba zai ci ta ba. Ya faɗa wa mutane, suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Sai ya je unguwar Tsinga ya sayo akwatin gilashi na kiwon kifi wajen wasu masu tashi daga gari, ya ajiye a bakin shago. Ya ce a ciki zai zaunar da kwamfuta, tana aiki, kifi na yawo, kowa ya gani da idonsa. Abin da ya hana shi ɗaya ne, hannunsa ya fara rawa, burushi ba ya tsaya masa.

Da ya ji labarin tafiyata, da kansa ya tako har inda Yaya ya sauka. Ina bayan labule ina ji. Ya ce, "Malam Hamadu, 'yar'uwarka ce, ikonka ce, ba zan ja da kai ba. Aro nake roƙo. Ka bar min ita zuwa Babbar Sallah. In aikin bai tsaya ba, ni zan ɗauki akwatinta a kaina in kai ta tashar jirgin ƙasa." Yaya ya tambaye shi wane irin aiki ne. Da Baba ya yi bayani, sai Yaya ya ce, "Baba, cikin ruwa fa ka ce?" Girman furfura kawai ya sa ya yarda, kuma na tabbata a ransa ya riga ya sayi tikitina.

Ni ma, wallahi, ban yarda ba. Ranar farko ya miƙo min allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira katmer, ga ƙananan ƙafafu cunkushe kamar tururuwa, ya ba ni burushi. Na gwada, na ce wannan ai tsintsiya ce. Na ɗauko leda na naɗe ta yadda muke yi wa lalle, na zuba silikon, na huda bakin da allura, na fara bin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tsaya a kaina har na gama layi guda, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da nake nema a kantin Turawa ashe yana jakar mata."

Ya kafa min tebur a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gan ni, Inna Dije na aiko mana abinci. Duk da haka baki bai bar mu ba. Wata rana wani tela da ke kusa ya yi wata magana mara daɗi a kan bazawara da zaman shagon maza. Na miƙe zan wanke shi tas, don ni ba a taka ni in yi shiru. Baba ya ɗaga min hannu, ya ce wa mutumin, "In kana da aikin da zai ciyar da marayu biyu, kawo ka ba ta, yau zan sallame ta. In babu, koma kan kekenka." Daga ranar ba wanda ya ƙara.

Aikin ya ba mu wuya. Tsofaffin alluna yake sayowa daga kasuwar Mokolo, in shafe, mu jira ya bushe, mu tsoma a baho mu kunna. Sai ka ji ƙauri, shi ke nan, ya ƙone. In ce na rufe ko'ina, shi kuma ya kai allon bakin ƙofa ya karkata shi ga hasken rana, ya nuna min wani ɗigo da bai yi ƙyalli ba, bai kai kan allura ba. Yakan ce, "Ruwa ba ya mantuwa, Balki. Inda kika manta, nan zai tuna miki." Rannan na jefar da ledar na ce, "Baba, wannan aikin mahaukata ne!" Ya ce, "Gaskiyarki. To mu biyu ne, ɗauki ledarki." Na ɗauka ina ƙunƙuni, yana dariya har da tari. Bai taɓa ɗaga min murya a kan allon da ya ƙone ba, alhali daga abincin gidansa yake ragewa ya saya.

Da muka samu allon da ya daure a baho, Sallah ta matso, raguna sun cika unguwa, Yaya Hamadu ya dawo. Ni duk na ƙosa a sa shi a akwatin kifi a wuce wurin. Baba ya sunsuna allon ya ce a'a, verni bai gama fitar da wari ba, zai kashe kifin. Na ce, "Baba, kifi nawa yake? Ni zamana a garin nan ya rataya a kan wannan gwaji!" Ya dube ni da kyau ya ce, "Ke kin yarda da wannan gwaji, ni ma na yarda. Kifi ba wanda ya tambaye shi." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma haka muka jira har jajibirin Sallah.

Ranar, bayan la'asar, bakin shago ya cika. Masu benskin sun jera babura, mahauta sun zo da wuƙaƙensu a hannu, har telan nan yana leƙe. Yaya na tsaye can gefe ya harɗe hannu. Akwatin wuta da ma'ajiyar bayanai muka bari a sama, a bushe. Baba ya ce ni zan tsoma allon, tun da hannuna ne. Na yi bismilla na sauke shi a hankali har ya zauna a ƙasan akwatin. Ya danna makunni. Gilashin kallo ya yi baƙi na ɗan lokaci, wani ya fara cewa "Ai dama," sai haske ya kawo, hoto ya fito. Wani mai benskin ya daka tsalle yana ihu da Faransanci, wai tana aiki, tana aiki! Baba ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa har gwiwa, ya bar shi a ciki ya tabbatar wuta ba ta zuba, sannan ya juye kifayen da ya tanada a ciki. Da aka fara yabonsa sai ya nuna ni ya ce, "Ba hannuna ba ne, ga mai hannun nan. Duk mai son a rufe masa waya, wajenta zai zo." Kafin magariba wayoyi sun taru a teburina.

Yaya Hamadu ya yi Sallah da mu, ya hau jirgi shi kaɗai. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, amma ya cika alkawari. Tun daga nan da wannan sana'a nake ciyar da yarana. Da hannun Baba ya ƙi gaba ɗaya, sai ya riƙa zuwa ya zauna a benci yana hira da masu jira, in rana ta take ya kashe kwamfutar wai kada ruwa ya yi wa kifi zafi. Har ya kwanta ciwon ajali bai taɓa ce min "na yi miki" ba.

Shekara biyu bayan wannan Sallar rikicin ya ci garinmu, mutane suka watse. Yaya Hamadu ya iso Yaoundé da matarsa da yara, kayan jikinsu kawai. A ɗakina suka sauka, a nan suka zauna har ya samu abin yi a unguwar Messa. Ranar Talatar nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Baba. Da suka dawo daga maƙabarta ya same ni a tsakar gidan Inna Dije, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu, ya durƙusa yana kuka. Ya ce, "Balki, da tsohon nan ya ƙyale ni na tafi da ke, ina za mu sauka?"

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Haruna, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya tsaya wa marayu a lokacin da kowa ke gudun nauyi, ka tsaya masa ranar da babu mai tsayawa sai kai. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Dije haƙurin wannan rashi, ka albarkaci 'ya'yansa da jikokinsa, kada ka bar su su nemi taimako su rasa. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.