Waƙar Baba Bitrus a Bakin Gada

Kafin in buɗe baki, sojan ya zazzage jakata a kan mota. A shingen sojoji na bakin gadar Jimeta ne, ina dawowa daga Vinikilang.

Kun san cutata: wasu na tara filaye, ni ina tara waƙoƙin da masu su suka rubuta da hannu. Waɗanda ke cikin jakar na Baba Bitrus ne, tsohon shugaban mawaƙan coci. Su kaɗai ya tsira da su ranar da aka ƙone ƙauyensu, kuma babu kwafi.

Sojan ya ƙura wa wani shafi ido: d, r, m, ɗigo-ɗigo.

Ya ce mini, "Baba, wannan saƙon sirrin na wa ne?"

"Waƙa ce, yallaɓai."

"Waƙa ba kalmomi? To rera, in ba haka ba takardun nan a bariki za su kwana."

Ni da ko a banɗaki ba na waƙa! Na daure na ja: do, re, mi.

Ya ɗaga hannu. "Ya isa, Baba. Kwashe ka tafi, kada ka kore mana mutane."

Allah ne ya taimake ni, don iyakar abin da na iya ke nan. Da ya ce in ci gaba fa? Jama'a, wa ke koyar da karatun do-re-mi ɗin nan a Jimeta?