Gaisuwar da muka je nema a gonar dabino

Mun tashi da asubar Asabar ta farko bayan an rufe makarantu, tun kafin rana ta fara gasa Riyad. Ni da Abban yara a gaba, 'yata mai shekara bakwai da ƙaninta mai huɗu a baya, suna gyangyaɗi. Wata gonar dabino muka nufa a Kharj, kudu da birni. Sai dai in gaya muku gaskiya, ba kwaɗayin dabino ya fito da ni daga unguwarmu ta Shumaisi ba. Hajiya ce, surukata.

Mako guda kafin nan ta kira mu ta bidiyo daga Kano. Yarinyar ta zo a tsaye ƙiƙam ta gaishe ta da Larabci. Na harare ta na ce ta durƙusa, ta ce malamarsu ta ce ba a durƙusa wa kowa sai Allah. Washegari Hajiya ta yanke hukunci: a kai mata yaran wannan hutun, a bar mata su su yi karatu a can, kafin su manta gaisuwa gaba ɗaya. Abban yara ya ce, "To, Hajiya." Ni kuwa na ce a raina ba mai raba ni da 'ya'yan da na yi naƙudarsu a ƙasar da ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa. Na roƙe shi yini ɗaya tak. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai kula da gona, wanda Abban yara ya taɓa yi wa jinya a asibiti, ya daɗe yana gayyatarmu. Na ce mu je ta gaishe shi yadda ake yi a gida, in ɗauki hoto in tura Kano.

Mun ratsa kasuwar Aziziya, inda muka sami ƙatuwar kankana a riyal goma, na haɗa da goron da na sa aka nemo mini a unguwar Batha. A gidan mai muka karya da gurasa mai zafi da wake da shayin madara. Daga nan hanya ta miƙe sambal, manyan motoci a dama, yashi kamar an barbaɗa zinariya a hagu, raƙuma can nesa suna tafiyar ƙasaita. Na lumshe ido, na saci kallon angona na shekara tara yana tuƙi, ina jin kamar mu biyu kaɗai Allah ya yi a duniya. Auta ya ce zai yi fitsari.

Duk hanya ina bita da yarinyar: gwiwa a ƙasa, ido a ƙasa. Ita dai taga take kallo.

Mun sami dattijon a kan tabarma, a inuwar dabinon da ya fara nuna. Na durƙusa, Abban yara ya tsuguna. Yarinyar kuwa ta tsaya. A raina har na hango akwatinta a filin jirgi. Sai ta taka a hankali, ta kama kansa da hannu biyu, ta sumbaci goshinsa yadda 'ya'yan Larabawa ke yi wa kakanninsu.

"Kai, wannan amarya tawa ba ta da kunya!" in ji shi, yana dariya idonsa na ƙwalla.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ta ƙi koyon durƙuso."

"'Yata, na ga masu gwiwa a ƙasa zuciya a sama. Ki gyara mata baki, ki ƙyale mata gwiwa."

Shi ya fara gyaran. Duk wanda ya roƙi dabino da Larabci sai dattijon ya zame masa kurma. Kafin azahar auta yana bin sa yana cewa, "Baba, ƙara mini," ita kuma ta iya "ina wuni" da "yaya gajiya". Mun ci dambun da abokan aikinsa 'yan Damagaram suka turara, da ɗanyen dabino mai narkewa a baki kamar zuma. Hoton da na je ɗauka dai ban samu ba.

Mun iso gida da la'asar sakaliya, mota na ƙamshin gona. Ko mayafi ban cire ba na kira Hajiya. Yarinyar ta ce, "Ina wuni, Hajiya? Yaya gajiya?" Sannan ta manna baki a wayar, daidai goshin kakarta. Na bayyana wa Hajiya abin da hakan ke nufi. Sai ni na durƙusa, na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Za mu zo da su tare, mu dawo da su tare. Ba zan iya barinsu ba."

Abban yara ya sunkuyar da kai. Hajiya ta matso da fuskarta jikin wayar.

"To, na ji. A goge wayar nan, ta shafe mini fuska da danƙon dabino, ba na ganin jikata."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ladabi na iya sauya tufafi bai sauya hali ba. Hausa kuwa ni zan koya musu, a ɗakina, duk tsawon hutun nan.