Kafaɗun Mariyatu Mai Hura

"Ku karɓe mata taɓaryar nan, za ta faɗo mata a ka! Binta, uwarki kike kallo?"

Ni ke wannan ihun. Tsakar gida cike da masu sayen hura, Mariyatu na tsaye gaban turmi, hannuwa sun ƙage a rabi, ba sama ba ƙasa, hawaye na zuba.

Ƙanwata ce, ita ke bi mini. Duk unguwar Gawon Nama babu wanda bai san hurarta ba. Lokacin da kuɗin fetur ya buɗe, soja na mulki, har ma'aikatan ofis ke aiko direbobi da kwanoni. Da dakan nan ta raini ɗiya biyar bayan rasuwar mijinta. Ga baki! Ka ce hurar ta yi tsami, ta ce harshenka ne ya kwana.

Sai da ta wuce hamsin abin ya same ta. Da safe kafaɗu da ƙugu su sandare kamar itace, ɗaurin kallabi ma sai an yi mata. Rana na ɗagawa ta ɗan sake, har maƙwabta sunka fara cewa lalaci ne. Anka yi ƙaho, anka sha rubutu, shiru. Ta rame, abinci ya fita ranta. Abin da ba mu iya faɗa shi ne, haka Innarmu ta fara, da ciwon ƙashi, ashe ciwon daji ne ke cin ta.

Ɗanta Garba, direba a kamfanin mai, ya ce akwai babban asibiti a Kudu mai na'urar da ke ɗaukar hoton mutum tun daga kai har ƙafa. Kafin su kama hanya Mariyatu ta bi gida gida tana neman gafara. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, in ban dawo ba, Binta taki ta."

"Ke tahi can, wa za shi riƙe miki wannan mai bakin tsiya?" na ce mata.

Can asibitin anka yi mata allura, anka ce ta jira maganin ya bi jiki. Sannan wata nas ta cire mata 'yan kunne da zobe, ta sa mata farin ƙyalle, ta miƙar da ita bisa wani siririn gado, hannuwa a gefe. Mariyatu ta sha yi wa gawa wanka a unguwa, ta san wa ake yi wa haka. Ta kira ɗanta.

"Garba, ina gabas? Ku juya ni bisa dama."

"Inna, hoto na kawai. Sun ce kar ki motsa."

"Ka gaya musu in abin ya zo, kar su bar ni rigingine."

Ƙarfen na'urar ya sauko dab da hancinta, ya bi ta a hankali har yatsun ƙafa, tana ta shahada a zuci. Likita ya ce sai ya haɗa hoton da gwajin jini, ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi ta fara sha.

Mu nan gida ko tuwo ba ya wucewa. Ranar wata Laraba anka aiko daga gidan Alhaji Maigandi na Sama Road, mai tarho, wai in zo maza. Aike da gaggawa kam mun san ma'anarsa. Na isa da takalmi ɗaya.

"Inna Babba, kina ji?" Garba ne, layi na ƙara. "Ƙashinta lahiya lau, babu daji! Kumburi na a gaɓoɓin kafaɗa da ƙugu, duka gefe biyu sun hito a hoton. Ciwon manya na, shina jin magani."

"Kar ka ɓoye mini, ɗan nan."

Sai na ji ana kokawa da kan tarhon.

"Yaya! Ni ta. Da hannuna na ƙwace abin ga, har kunne na kai shi. Wai kuka kike, tsohuwa?"