Mama Tela, Uwar 'Yan Laɓe

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina ɗakin ajiya na kantin maganin da nake aiki, ina jera kwalabe a kan kanta, sai wayata ta yi ƙara. Autarki ce, Mama Tela, ta rubuto a zaurenmu na waya cewa Allah Ya karɓi abinSa, Mama ta cika a asibiti bayan gajeriyar jinya. Na Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Na nemi wani kwali na zauna, kwalbar da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye ta ba.

Mama Tela, ban taɓa ganinki ido da ido ba. Garinki daban, nawa daban. Amma tun rasuwar mahaifiyata ban yi kukan da na yi a kanki ba.

Ga wanda bai san mu ba, zaure ne na waya da masoya wani wasan kwaikwayo na rediyo suka buɗe, wasan wani mai gidan haya da 'yan hayarsa, da ake sakawa mako-mako. Da an gama shirin sai zaure ya kaure da musu. Mutanen ciki kashi biyu ne. Akwai masu baki, waɗanda ba a rasa muryarsu kullum. Akwai kuma 'yan laɓe, masu shiga su saurara su fita ba ko tari, kuma mu ne muka fi yawa. Ni ina cikin na ƙarshen ƙarshe. Hoton kyanwa ne a kan lambata, iyakar abin da aka sani game da ni ke nan.

Ke kuwa ke ce gaba a masu baki. Kina aiko saƙon murya keken ɗinki na ƙara a bayanki, wani lokaci ki katse zance ki ce wa mai kaya ya dawo jibi, sannan ki ɗora daga inda kika tsaya. Wanda bai samu jin shirin ba, ke kike maimaita masa shi daga farko har ƙarshe, kina kwaikwayon muryar kowa. Kuma duk zauren ke kaɗai ce mai goyon bayan mai gidan hayar nan, mutumin da kowa ya tsana. Kikan ce duk mai zaginsa bai taɓa gyara rufin da wani ya huda ba. Sai a yi miki ca, ke kuma kina dariya.

Shugaban zauren, wanda muke kira Mai Tsintsiya, yana da wata ɗabi'a. Lokaci-lokaci sai ya shelanta cewa zai yi shara, duk wanda bai ce uffan ba zai fitar da shi, don zaure ba ɗakin kwana ba ne. Ranar da na fara jin wannan shela gabana ya faɗi. Ba ni da wata hira a duniya da ta wuce wannan. Daga wurin aiki sai ɗakina, daga ɗakina sai wurin aiki. Muryoyinku ne suke taya ni cin abinci.

Ke kika tare shi. Kika ce, "Ɗana, ajiye tsintsiyar nan. In kowa ya zama mai magana, wa zai saurara? Waɗannan da kake gani shiru, ni ce uwarsu. Bar ni da su." Daga nan kika ƙirƙiro abin da ya zama al'adar zaure. Kowane mako kikan kira ɗan laɓe ɗaya, ki yi masa tambaya ɗaya tak: a cikin wasan, wa ya fi ba shi haushi? Ba ki tambayar suna, ba ki tambayar gari. Kin san ba wanda zai iya haɗiye wannan amsar. Ta haka muka san direban babbar mota da ke sauraronmu a bakin hanya, da malamar jinya da ke laɓe tun kafuwar zauren, da wani dattijo da jikarsa ta sa shi a ciki ya kasa gane yadda ake fita. Yau dukkansu masu baki ne, dattijon ma har sai an roƙe shi ya bar wa wasu fili.

Da layi ya zo kaina kika ce, "Mai Kyanwa, fito, yau ranarki ce." Na rubuta amsata, doguwa, na aika. Sai ga muryarki: "'Yar nan, idona ya yi yana, ba na ganin rubutun waya. Sai da Auta ta karanta mini. Ki buɗe baki mana." Ranar na bi ki ta gefe na rubuta miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa a zauren ba, cewa ni mai i'ina ce, mai tsanani. Tun ina makaranta ake kwaikwayona. Shi ya sa ma na zaɓi aikin ɗakin ajiya, inda kwali ba ya jiran amsa.

Ba ki ce mini sannu ba, ba ki kuma ce ba komai ba ne. Cewa kika yi kekenki ma yakan tsallake zare in ya ga dama, amma da shi kika aurar da 'ya'yanki. Kika ce in ci gaba da rubutu, Auta za ta riƙa karanta miki, sai dai in sani kina jiran muryata, ba kuma gaggawa kike ba.

Haka muka zauna shekaru, ke ba ki iya karanta ni, ni ba na iya yi miki magana, Auta a tsakani kamar allura. Da na yi zazzaɓi kin fi kowa damuna da tambaya. Da aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki ke kika shelanta wa zaure, har kika ƙara gishiri, kika ce an ba ni kantin gaba ɗaya. Kuma kowane saƙonki da abu ɗaya yake ƙarewa: "Ina nan ina jira, 'yata." Na sha danna wurin ɗaukar murya, in fara, harshe ya sarƙe, in goge.

Da Auta ta sanar cewa an kwantar da ke, zaure ya cika da saƙonnin addu'a. Na rufe ƙofar ɗakin ajiya, na tsaya tsakanin kwalaye, na danna. Kalmar "Mama" kaɗai ta ɗauke ni lokacin da wani zai gama gaisuwa. Ban goge ba. Na gaishe ki da jiki, na ce ni ce Mai Kyanwa, na ce har yanzu mai gidan hayar nan ne ya fi ba ni haushi. Na aika. Na yini ina duba alamar nan da ke komawa shuɗiya in an saurari saƙo, ba ta koma ba. Washegari kika rasu, alamar tana nan yadda take. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, cewa kin tafi ba ki ji ba.

Na hau mota na je gidanku gaisuwa. Na ga ɗakin da na daɗe ina ji a kunne: keken an lulluɓe shi da zane, guntayen yadi a cikin kwando, ƙaramar rediyo a kan taga an ɗaure murfin batirinta da zare. Na durƙusa gaban wata budurwa mai jajayen idanu, na fara haɗa gaisuwa. Ban kai ƙarshen kalmar farko ba ta riƙe hannuna.

"Yaya Mai Kyanwa ce," in ji Auta, don ita ce. "Na gane muryar."

Ashe a ɗakin asibitin da kike kwance babu sabis ɗin waya. Auta takan fita baranda saƙonni su shigo, ta dawo ta kunna miki, shi ya sa alamar ba ta canza ba, bayan rasuwar kuma aka kashe wayar. Ta ce saƙonnin sun yi yawa, ga ki a gajiye, don haka tana sa musu sauri. Da ta zo kan nawa ta kai yatsa za ta danna, sai kika ɗaga hannu.

"Kada ki sa mata sauri," kika ce. "Bar ta ta iso da kanta."

Kika saurara har ƙarshe, da duk inda na tsaya. Da na zo kan mai gidan haya kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Sannan kika ce a sake kunnawa.

Mama, daren jiya aka sa shirinmu, zaure ya yi tsit, ba wanda ya iya farawa. Da safe na danna wurin ɗaukar murya na kira wani ɗan laɓe mai hoton jirgin ruwa, na yi masa tambayarki. Na daɗe kafin in gama, kuma ba wanda ya katse ni. Ya amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Auta da yayyenta, da jikokinki, da masu kawo miki ɗinki, da Mai Tsintsiya wanda ya sha kuka, da dukan 'yan laɓen da kika ce ke ce uwarsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki fiye da hasken da idonki ya rasa. Yadda kika yi haƙuri kika saurari mai nauyin harshe, Allah Ya saurari roƙon da muke yi miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.