Manhajar da ta goge kiran shanun Baffa

"Mi ka yi ma muryar Baffa?"

Haka Jauro, wani makiyayi daga Garu, ya jefo mini tambaya a shagona na haɗa bidiyo a Illela, yana ture wayar.

Bidiyon mahaifinsa marigayi, Baffa, ne ya kawo kwanakin baya in gyara masa, tsohon yana kiran shanu a bakin tafkin Kalmalo. Iska ta cika sautin, sai na ɗora masa manhajar rage hayaniya. Iskar ta tafi, amma ta tafi da fito da kaɗa harshen da tsohon yake yi. Sai baki ke motsi.

Kwana biyu ina fama. Na rage ƙarfin manhajar, na cire ta na sake sakawa, duk a banza. Da zarar Baffa ya yi fito, sai ta haɗiye.

Na ce, "Yi haƙuri, Jauro, hayaniya ce na'urar ta cire."

Ya ce, "Hayaniya? Da wanga kira Baffa ya kiwata mu duka."

Wallahi kunya ta kama ni, sannan haushi. Wanda bai taɓa tsayawa cikin garke ba ya zauna can ya yanke cewa fiton makiyayi shara ne, ni kuma na biye masa!

Na mayar masa da na asali, da iskarsa da komai. Ya ce da ya kunna a ruga, tsofaffin shanun suka ɗago kai.

Masu haɗa bidiyo, ku faɗa mini: wa ya ba na'ura ikon zaɓar abin da ya cancanci a ji?