Kaburburan da Baba ya bari a Burma

Mahaifina ya yi wa Turawan Ingila yaƙi, amma sai da na yi furfura kafin na ji labarin daga bakinsa. A Sa'alaba, wata unguwa a Jidda, aka haife ni. Abin da na sani kawai shi ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya bi ta Sudan, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya gaza. A cinyarsa ta hagu akwai wani rami da babban yatsa zai shige. Muna yara idan mun tambaya, sai ya ce, "Ƙarfe ne," ya ja riga ya rufe.

Da mahaifiyarmu ta rasu, na ɗauko shi ya dawo wurina a unguwar Mahjar, inda nake gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A bakin layinmu akwai wani ɗan kanti na wani dattijo siriri mai jan gemu. Barmawi ne, wato daga Musulmin Burma da suka daɗe da cika unguwannin kudancin Jidda. Wata rana bayan la'asar na raka Baba kantin, sai ya tsaya yana kallon mutumin.

"Wannan ɗan ina ne?" ya tambaye ni da Hausa.

Na faɗa masa. Sai ya ambaci sunan wani kogi da ban taɓa ji ba. Mai kantin ya ajiye burodin da ke hannunsa. Ya ce a bakin kogin nan aka haife shi.

Aka kawo wa Baba kujera. Larabcinsa bai taɓa nuna ba, na mai kantin ma haka, don haka ni na zama tafinta. A haka na ji komai, ina faɗa wa baƙo labarin ubana a daidai lokacin da ni ma nake jin sa karon farko.

Baba ya ce dagacin garinsu ne ya nuna su da yatsa, shi da abokinsa, aka aske musu kai, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Burma. A can aikinsa ɗaukar akwatin harsashi a ka, cikin dajin da mota ba ta shiga. Ruwa ba ya ɗaukewa. Takalmi ya ruɓe, ƙafa ta ruɓe a cikinsa. Zazzaɓi da gudawa sun fi bindiga cin mutane. Wata safiya suna dafa shayi, sojojin Japan suka yi musu ruwan wuta daga kan tudu. A nan ƙarfen ya shiga cinyarsa. Abokin nasa kuwa, sai da suka tattara gawarsa gunduwa-gunduwa. Ba shi kaɗai ya mutu ba.

Baturen da ke jagorantarsu ya ce su yi sauri. Suka haƙa ramuka da ƙananan shebur, Baba yana jan ƙafa. Babu likkafani, sai bargon soja. Suka yi musu salla, suka kwantar da su suna fuskantar gabas, kamar yadda kowa yake yi a gida.

Bayan wasu makonni aka kai shi asibitin sansani. Can ya ga sojojin Indiya Musulmi sun yi sahu suna kallon mafaɗar rana. Shi da 'yan'uwansa har dariya suka yi musu. Limaminsu ya tsuguna, ya zana musu a ƙasa da tsinke: ga ƙasarku, ga Makka, ga inda kuke yanzu. Jirgi ya riga ya wuce Makka da su, ya bar ta a baya.

"Mun juya musu ƙeya ga Ɗakin Allah," in ji Baba. "Da hannuna."

Na ce, "Baba, ai ba ku sani ba. Babu laifi a kanku."

"Malamai sun faɗa mini haka tun kafin a haife ka. Na ji. Amma har yau a haka suke kwance."

Sai ya juya ga mai kantin, ya soma kwatance da hannu: inda kogin ya yi gwiwa, ga gora a tsaitsaye, ga tudu mai kai biyu. Ya ce ko yana da wani ɗan'uwa a can da zai je ya duba? In ba za a iya juya su ba, a tsaya kawai a kansu a yi addu'a. Na fassara, ina jin kunyar roƙon.

Mai kantin ya daɗe yana goge teburinsa. Sannan ya ce, "Baffa, babu kowa. An ƙone garinmu. Kabarin uwata ma ban san abin da ke kansa yanzu ba." Ya ƙara da cewa, ba da faɗa ba, "Ku kun zo kun tafi. Turawan ma sun tafi. Mu aka bari da abin da ya biyo baya."

Na so in rage wa maganar kaifi, amma Baba ya riƙe mini hannu. "Faɗa mini yadda ya faɗa." Na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce yana tuna wasu mata da suka tsaya a bakin hanya suna kallonsu, ranar da suka kwashe shinkafar wani ƙauye. Ya ce bai taɓa tambayar kansa abin da suka ci a daminar nan ba.

Na ɗauka ba zai sake komawa kantin ba. Washegari shi ya fara neman sandarsa. Daga nan kullum bayan la'asar yana can, mai kantin ya zuba masa shayi da madara, su zauna. Ba su ƙara nemana in fassara ba, don ba wata magana suke yi ba. Wani lokaci Baba ya ambaci sunan wani kifi ko wani ganye da ya tuna, mutumin ya gyara masa faɗarsa, shi ke nan.

Ana haka aka yi samamen duba iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwar. Ta mai kantin ta daɗe da mutuwa, aka tafi da shi. Ya jima a tsare, saboda babu ƙasar da za a ce tasa ce a mayar da shi. Matata ta ce mu gaya wa Baba tafiya ya yi. Na ƙi, na faɗa masa gaskiya.

"Ina za su kai shi?" ya tambaya.

Na ce ban sani ba.

Bai ƙara fita layi ba, sai ranar Juma'a idan na tura shi a keken guragu. Abinci ya ragu, magana ta ragu. Ya rasu cikin watan Sha'aban, ana tsananin zafi. Daga baya wani Barmawi mai ɗinki ya gaya mini an ga mai kantin a wani sansanin 'yan gudun hijira, ya rame, yana tari. Na ba shi saƙo cewa tsohon nan ya rasu. Ban san ko ya isa ba.