Kalangun da Aka Ce Kada In Buga

Ni makaɗin mahauta ne. Tun ina da baƙin gemu nake rataye da kalangu a Treichville, ina bin wani mawaƙi, abokina, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tawa a gidan haya a unguwar Biafra, nan cikin Treichville ɗin. Shi da baki, ni da gula. Babu mahaucin da ban san takensa ba.

Wata rana ya ce in raka shi Adjamé, wai za a ɗauki muryarsa. Muka sauka unguwar Bracodi, muka shiga wani ɗaki da aka manna wa katifa a bango. Mai ɗakin Bahaushe ne haihuwar nan, Hausarsa sai da sandar Faransanci take tafiya. Ya nuna mini ordinatarsa, wato kwamfuta, lambobi da baƙaƙe jere-jere suna gangarowa daga sama kamar tururuwa. Wai sunan abin taraka, kowane layi bugu ɗaya ne. Na gyaɗa kai irin na masana. Aji uku na yi, ba a banza ba.

"Baba, buga sau ɗaya kawai," in ji shi.

Na buga. Ya ce in matse kalangun in sake. Na sake. Ya ce in sassauta. Haka dai, ɗaya-ɗaya, kamar mai ba jinjiri koko. Na kalli abokina.

"Gwaji ne, dattijo," ya ce, yana duban silin.

Ranar sunan jikan sarkin fawa ba a aiko mini ba. Na ce mantuwa ce, na sa riga na tafi. Tun daga bakin layi na ji kalanguna yana magana, alhali na bar shi rataye a ƙusa. Abokina na tsaye da makirfo, hannuna kuma na fitowa daga lasifika. Aka saki taken sarkin fawa, ya miƙe yana girgiza kafaɗa, ya wuce ta gabana bai waiwayo ba. Matata ma na hango ta cikin mata tana rausaya.

Mai ɗakin katifa ya gan ni, ya zo da murna.

"Baba, ka ji aiki? Da farko injin ya daidaita komai, sai kiɗan ya mutu. Amma sabon injin yana da wurin da ake sa kuskure da gangan. Na sa masa ɗan lattin nan naka."

Latti. Wannan jan da nake yi ina jiran mai take ya tattara rigarsa ya tashi, ashe a boko sunansa kuskure, har da maɓallinsa.

Kwana biyu ban amsa gaisuwar abokina ba, ga shi famfo ɗaya muke alwala. Daga baya ya zo ya tsuguna a ƙofata.

"Dattijo, gwiwarka fa nake tausayi. Kuma masu bidiyo sun ce wurin bai yi kyau ba babu kai. Asabar ka zo da kalangun, ka tsaya bayana. Kada dai ka buga, zai rikita injin."

Na tambaye shi ko in zo da gula, ko ita ma an ɗauke ta.

"Zo da ita," ya ce. Ko murmushi bai yi ba.

Asabar na wanke riga na je. Na tsaya bayansa har aka tashi, ina kallon ƙeyarsa.